Alƙur'ani da Labaran Magabata: Nazari kan Ƙissar Ashabul Kahfi

1. Gabatarwa

Ɗalibin da ya tashi yana jin tafsiri a watan azumi, a Damagaram ko Maraɗi ko Tawa, idan ya shigo jami'a ya buɗe littattafan Turawa masu nazarin Gabas, yakan ci karo da wata magana mai tayar da hankali. Maganar ita ce, ƙissoshin da ya sani daga Alƙur'ani akwai makamantansu a rubuce cikin Ibrananci da Suryananci da Girkanci tun kafin zuwan Musulunci. Daga nan ɗalibai sukan rabu gida biyu. Wasu su rufe littafin, su ce makircin maƙiya ne. Wasu kuma su karɓi abin gaba ɗaya, su ɗauka an gano "asalin" Alƙur'ani, magana ta ƙare. Duka biyun suna hana bincike, domin sun tsaya kan tambaya guda: an ara ko ba a ara ba?

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu nuna cewa akwai tambayar da ta fi wannan amfani. Alƙur'ani ya yi magana da mutanen da suka riga suka san labarai da yawa, suna kuma jayayya a kansu. Abin da ya kamaci mai nazari shi ne ya duba yadda Alƙur'ani ya yi da abin da ya tarar a bakin mutane: me ya tabbatar, me ya gyara, me ya bari, kuma wane darasi ya ɗora a kai. Za mu ɗauki ƙissar Ashabul Kahfi a matsayin babban misali, tun da sura ce da ake karantawa kowace Juma'a, sannan mu taɓa ƙissar Zulƙarnaini da batun baƙin kalmomi a taƙaice. Lambobin ayoyin da muka kawo na ƙidayar Kufa ne, wadda bugun Alƙahira na 1924 ya bi, inda surar take da ayoyi 110. Mai riƙe da mus'hafin Warshu na ƙidayar Madina zai ga ayoyi 105, don haka zai samu ɗan bambanci a lambobi.

2. Abin da Alƙur'ani da malaman farko suka faɗa

Ya kamata mu fara da cewa Alƙur'ani bai taɓa gabatar da kansa a matsayin saƙon da ba shi da magabaci ba. A Suratul Ma'ida (5:48) an siffanta shi da kalmomi biyu: musaddiƙ, wato mai gaskata littafin da ya gabace shi, da muhaimin, wato mai tsaro da hukunci a kansa. A Suratush Shu'ara'i (26:196) an ce saƙonsa yana cikin littattafan mutanen farko, a ƙarshen Suratul A'ala kuma an ambaci takardun Ibrahim da Musa. Haka nan a Suratun Nahli (16:43) an umarci masu shakka su tambayi ma'abota sani na dā.

Zargin kwaikwayo ma ba sabo ba ne. Alƙur'ani da kansa ya ruwaito shi daga bakin Ƙuraishawa. Kalmar asaɗirul awwalina, wato tatsuniyoyin mutanen farko, ta zo sau 9 a cikinsa, kullum a bakin masu musu. A Suratun Nahli (16:103) an kawo iƙirarinsu cewa wani mutum ne ke koya wa Annabi (S.A.W.), aka mayar musu da cewa harshen wanda suke nufi baƙo ne, wannan kuwa Larabci ne bayyananne. Ibn Is'haƙ (rasuwa 767) ya ba da labarin Nadr ɗan Haris, wanda ya koyo labaran Rustam da Isfandiyar a Hira, yana zama a majalisa bayan Annabi ya tashi domin ya nuna labaransa sun fi daɗi. Wannan yana nuna mana Makka gari ne da labarai ke shigowa daga kowace kusurwa.

Malaman tafsiri na farko ba su ji kunyar neman ƙarin bayani daga Ahlul Kitabi ba. Ta hannun mutane irin su Ka'abul Ahbar da Wahbu ɗan Munabbih, dukkansu daga Yaman, bayanai masu yawa suka shiga tafsiri, su ne aka zo ana kira Isra'iliyyat. Ibn Taimiyya (rasuwa 1328) ya kasa su kashi uku, almajirinsa Ibn Kasir (rasuwa 1373) ya bi shi a kai: wanda Alƙur'ani da Sunna suka gaskata, wanda suka ƙaryata, da wanda suka yi shiru a kansa, shi kuwa ana iya ruwaito shi ba tare da gaskatawa ko ƙaryatawa ba. Al-Biƙa'i (rasuwa 1480) ya wuce nan, ya riƙa kawo nassoshin Attaura da Linjila kai tsaye cikin tafsirinsa Nazmud Durar. Da wasu malaman Alƙahira, cikinsu har da Sakhawi, suka yi masa ca, sai ya rubuta littafi guda na kare wannan hanya. Ke nan kwatanta Alƙur'ani da littattafan da suka gabace shi tsohon aiki ne a cikin ilimin Musulunci, kuma saɓani a kansa ma tsoho ne.

A Turai, nazarin ya fara sosai da littafin Abraham Geiger na 1833, wanda takensa kansa tambaya ce kan abin da Annabi ya ɗauko daga Yahudanci. Heinrich Speyer ya faɗaɗa aikin da tattara ƙissoshin Baibul da ke cikin Alƙur'ani, a littafinsa mai ɗauke da shekarar 1931. Wannan makaranta ta tara bayanai masu amfani, amma ma'auninta yana da aibu: duk inda Alƙur'ani ya dace da tsohon nassi sai ta ce aro ne, duk inda ya saɓa kuma ta ce kuskure ne. Daga ƙarshen ƙarni na 20 masu bincike da dama sun bar wannan ma'auni. Aikin Corpus Coranicum da aka soma a Balin a 2007 ƙarƙashin Angelika Neuwirth yana kallon Alƙur'ani a matsayin mai magana cikin muhawarar addinai ta zamanin da Faransawa ke kira Antiquité tardive, wato daga wajen ƙarni na 3 zuwa na 7 na Miladiyya.

3. Yanayin Jazirar Larabawa a ƙarni na 6

Rubuce-rubucen da aka samu a jikin duwatsu sun sauya fahimtarmu ta wannan zamani. A Yaman, tun wajen shekara ta 380 sarakunan Himyar suka daina ambaton gumaka a rubutunsu, suka koma kiran Ubangiji ɗaya, wanda suka fi kira Rahmanan. A shekara ta 523 sarki Yusuf, wanda Larabawa ke kira Zu Nuwas, ya kashe Kiristocin Najran, abin da yawancin masu tafsiri ke dangantawa da Ashabul Ukhdudi na Suratul Buruji. Rubutun Abraha na shekara ta 548 a madatsar ruwan Ma'rib ya buɗe da sunan Rahmanan da Almasihunsa da Ruhu Mai Tsarki. A arewa, sarakunan Gassan Kiristoci ne, Hira ma tana da bishop da gidajen rahibai. A Yasriba da Khaibar akwai ƙabilun Yahudawa. Wajen shekara ta 615 kuma Musulmin farko suka yi hijira zuwa Habasha, ƙasar Kiristoci.

Wani abin lura shi ne, ba a samu shaidar cikakkiyar fassarar Baibul cikin Larabci kafin Musulunci ba. Tsofaffin rubutattun fassarori masu kwanan wata na ƙarni na 9 ne. Saboda haka hanyar da labarai suka bi suka isa kunnen Balarabe ita ce baki: wa'azin rahibai, waƙoƙin ibada, hirar fatake, da muhawara a kasuwanni. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, domin a ƙasarmu ma mutane da yawa sun san ƙissar Annabi Yusufu ciki da bai ba tare da sun taɓa karanta ta a takarda ba.

4. Ƙissar Ashabul Kahfi

4.1. Yadda Kiristoci suka san labarin

Labarin ba ya cikin Baibul. Ya taso ne a ƙarni na 5 a birnin Afisa, a yammacin ƙasar Turkiyya ta yau, kuma Faransawa na kiran mutanen les Sept Dormants. Ɗaya daga cikin tsofaffin nassoshin da suka iso gare mu waƙar wa'azi ce cikin Suryananci ta Yaƙubu na Saruj, wanda ya rasu a 521. Shi wannan malami akwai wasiƙarsa zuwa ga Kiristocin Himyar, abin da ke nuna cocinsa yana da alaƙa da kudancin Jazira.

Ga taƙaitaccen labarin. Sarkin Rum Desiyus, wanda Larabawa ke kira Daƙyanus, ya yi mulki daga 249 zuwa 251, ya tilasta wa jama'a yanka wa gumaka. Wasu samari ƴaƴan manyan Afisa suka ƙi, suka gudu cikin kogo, suka yi addu'a, barci ya kwashe su. Sarki ya sa aka toshe bakin kogon da duwatsu. Wasu mutum biyu suka rubuta sunayen samarin da labarinsu a kan allunan dalma suka ajiye a wurin. Bayan shekaru masu yawa, a zamanin Tiyodosiyus na Biyu (408 zuwa 450), wani attajiri ya sa aka kwashe duwatsun don gina garken tumaki, samarin suka farka. Suka aiki ɗayansu, Yamlikha, ya sayo abinci. Ya ga gicciye a ƙofar gari ya ruɗe, da ya fito da tsohon kuɗi kuma aka kama shi, ana zaton ya tsinci taska. Bishop da sarki suka zo kogon, suka ga samarin, daga nan samarin suka koma barci, aka gina wurin ibada a kansu. A wasu ruwayoyin an ƙara da cewa a lokacin ana jayayya cikin coci kan tashin jiki bayan mutuwa, sai farkawar samarin ta raba gardama.

Ruwayoyin Kiristoci ba su haɗu a kan adadi ba. Yaƙubu ya ƙidaya samari 8, Girigori na Tur (rasuwa 594), wanda ya rubuta da Latinanci ya kuma ce ta bakin wani tafinta Basuryane ya samu labarin, ya ƙidaya 7. Tsawon barcin ma haka: wani kwafin waƙar Yaƙubu ya ce shekaru 372, alhali tsakanin sarakunan biyu shekarun ba su wuce 200 ba. Wannan saɓani shi ne mabuɗin fahimtar abin da zai biyo baya.

4.2. Yadda surar ta kawo shi

Ƙissar tana cikin ayoyi 9 zuwa 26. A ruwayar Ibn Is'haƙ, Ƙuraishawa sun aiki Nadr ɗan Haris da Uƙba ɗan Abi Mu'aiɗ wurin malaman Yahudawa a Yasriba, su kuwa suka ba su tambayoyi uku su jarraba Annabi (S.A.W.) da su: samarin da suka ɓace a zamanin dā, matafiyin da ya kai gabas da yamma, da kuma ruhu. A nan al'adar Musulunci da kanta take shaida cewa labarin sananne ne kafin saukar surar, domin ba a jarraba mutum da tambayar da mai tambaya bai san amsarta ba. Ibn Kasir ma ya yi tunani irin na masu tarihi a kan wannan ruwaya, ya ce tun da Yahudawa ne suka damu da labarin, mai yiwuwa samarin sun gabaci Kiristanci. Ko ba mu bi shi a wannan sakamako ba, mun ga yana auna ruwaya da abin da ya sani na tarihin addinai.

Salon ayoyin yana ƙarfafa wannan. Aya ta 9 ta buɗe da tambaya a kan mutanen kogo da Raƙim, kamar abin da mai sauraro ya riga ya ji. Ba a ambaci sunan gari ba, ko sunan sarki, ko zamani, ko sunayen samarin. Wanda bai taɓa jin labarin ba zai tambayi kansa yadda aka yi mutanen gari suka gane su, domin daga aiken mai sayen abinci a ayoyi 19 da 20 sai aya ta 21 ta tsallaka zuwa bayyanar al'amarinsu. An bar wa mai sauraro ya cike giɓin da abin da ya sani.

4.3. Abin da aka riƙe, abin da aka sauya, abin da aka hukunta

Idan muka jera nassoshin biyu, za mu ga abubuwa uku.

Na farko, ƙashin bayan labarin yana nan: samari masu imani, mutanensu masu bautar wanin Allah, gudu zuwa kogo, addu'a, dogon barci, zaton cewa yini guda ko sashensa suka yi, aike da kuɗin azurfa, da gina wurin ibada a kansu. Manufar tabbatar da tashin ƙiyama ma tana nan a aya ta 21. Kalmar Raƙim ta wahalar da masu tafsiri, Ɗabari (rasuwa 923) ya kawo ra'ayoyi cewa sunan kwari ne, ko ƙauye, ko dutse, ko kuwa allo rubutacce. Tafsirin Jalalaini ya zaɓi na ƙarshe, ya ce allo ne mai ɗauke da sunayensu da nasabarsu, kuma wannan ya dace da allunan dalma na ruwayar Suryananci. Ko karen da ke miƙe da ƙafafunsa a bakin kogo, wanda babu shi a waƙar Yaƙubu (a can wani mai tsaro ne Ubangiji ya bari yana gadin jikinsu), yana da alama kafin Musulunci: wani mai ziyara da ake kira Tiyodosiyus, wanda ya rubuta jagorar wurare masu tsarki da Latinanci wajen shekara ta 530, ya ambaci ƴan'uwa bakwai masu barci a Afisa da ɗan kwikwiyo a wajen ƙafafunsu.

Na biyu, an sauya alƙiblar labarin. A wurin Yaƙubu samarin shahidan Almasihu ne, alamar nasararsu kuma ita ce gicciye a ƙofar gari da sarki Kirista a kan gado. A surar duk wannan babu shi. Furucin samarin a ayoyi 14 da 15 tauhidi ne zalla, na Ubangijin sammai da ƙasa. Ayoyi 4 da 5 kuma, waɗanda suka share wa ƙissar fage, gargaɗi ne ga masu cewa Allah ya riƙi ɗa. Labarin da aka saba ji a matsayin hujjar coci ya zama hujjar kaɗaita Allah, ya kuma zama lallashi ga ƴan tsirarun muminai na Makka da danginsu ke tsananta musu. Wanda ya kira wannan "kuskuren kwafi" bai lura ba cewa sauyin yana tafiya a hanya ɗaya daga farkon sura har ƙarshenta.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, Alƙur'ani ya yi magana a kan saɓanin ruwayoyin da kansa. Aya ta 22 ta kawo ra'ayoyi uku kan adadinsu, uku ko biyar ko bakwai, kowane tare da karen, ta siffanta biyun farko da jifa cikin duhu, ta mayar da sanin ga Allah, sannan ta hana zurfafa jayayya da neman fatawa a wurin kowa game da su. Aya ta 25 ta ambaci shekaru ɗari uku da ƙarin tara, ta 26 kuma ta sake mayar da sanin ga Allah. Masu tafsiri sun rabu a nan. Jalalaini ya ce 300 na lissafin rana ne a wurin Ahlul Kitabi, taran kuma ƙarin lissafin wata ne a wurin Larabawa. Ɗabari kuwa ya ruwaito daga Ƙatada cewa aya ta 25 maganar Ahlul Kitabi ce ake hakaitowa, ta 26 tana mayar musu da martani. Ko wane ra'ayi muka bi, mun ga nassi da ya san akwai gardama kan lambobi, ya kuma ƙi ya mayar da lambobin abin dogaro. Wannan shi ne ma'anar muhaimin a aikace.

Abin mamaki shi ne, giɓin da Alƙur'ani ya bari da gangan, masu ruwaya sun koma sun cike shi. A tafsirin Ɗabari akwai doguwar ruwaya daga Ibn Is'haƙ mai ɗauke da sunan Daƙyanus, da garin Afsus, da Yamlikha, da allon dalma, da sarki Tizusis, kusan yadda suke a nassoshin Kiristoci. Daga nan sunayen samarin da na karensu Ƙiɗmir suka shiga layu da hatimai a ƙasashen Musulmi da yawa, har da Afirka ta Yamma. Garuruwa da dama kuma suna iƙirarin kogon: Afisa, inda masu tonon tarihi na Ostiriya suka gano coci da ɗaruruwan kaburbura a ƙarshen shekarun 1920, da Ɗarsus wadda Jalalaini ya ambata, da Rajib kusa da Amman, da Shanini a kudancin Tunisiya. A Faransa, Louis Massignon ya haɗa Musulmi da Kiristoci a ziyarar shekara-shekara ta Vieux-Marché tun daga 1954. Darasin da mai nazari zai ɗauka shi ne ya rarrabe tsakanin abin da ke cikin aya da abin da tafsiri ya ƙara, domin sau da yawa abin da jama'a ke ɗauka "Alƙur'ani ya ce" daga Isra'iliyyat ya fito.

5. Zulƙarnaini: matsalar kwanan wata

Ƙissar Zulƙarnaini (ayoyi 83 zuwa 98) tana koya mana taka-tsantsan ta wani ɓangare. Akwai wani nassi na Suryananci da ake kira Neshana, wanda ke ba da labarin Iskandar mai ƙaho biyu, ya je mafaɗar rana da mahudarta, ya gina ƙofar ƙarfe da tagulla don tare Yajuju da Majuju har ƙarshen zamani. Budge ya buga shi a 1889, Nöldeke kuma a 1890 ya ce shi ne tushen ƙissar. Amma Gerrit Reinink ya nuna alamun cewa an rubuta shi wajen 629 zuwa 630, bayan nasarar Hiraƙla a kan Farisa, alhali al'adar Musulunci ta ɗauki surar a matsayin ta Makka, wato kafin 622. Tommaso Tesei daga baya ya kawo hujjojin mayar da asalin nassin tsakiyar ƙarni na 6. Muhawarar tana nan. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, tun ƙarni na 1 Yosefus ya ambaci ƙofofin ƙarfe na Iskandar, ke nan labarin ya daɗe yana yawo kafin a rubuta Neshana.

Malaman Musulunci ma sun saɓa kan ko wane ne shi. Jalalaini ya ce sunansa Iskandar kuma ba annabi ba ne, Razi ya karkata ga Iskandar na Girka, wasu suka ce sarki ne na Himyar, a ƙarni na 20 kuma Abul Kalam Azad ya ce Sairus na Farisa ne. Ƙa'idar da za mu fitar ita ce, kamanni tsakanin nassoshi biyu ba ya nuna wanne ya gabaci wanne, kuma sau da yawa dukkansu sun ɗebo ne daga rijiyar labarin baka guda.

6. Baƙin kalmomi

Batun kalmomi ya fi kusa da aikin sashenmu. A surar Kahfi kaɗai akwai suradiƙ (aya ta 29), sundus da istabraƙ (31), da firdaus (107), waɗanda masana harshe na dā suka danganta da Farisanci ko Rumanci. Imam Shafi'i da Abu Ubaida sun musanta cewa akwai wani abu ba Larabci ba a Alƙur'ani. Abu Ubaid al-Ƙasim ɗan Sallam (rasuwa 838) ya sasanta: asalin kalmomin baƙo ne, amma Larabawa sun sarrafa su da harshensu kafin saukar wahayi, suka zama Larabci. Suyuɗi (rasuwa 1505) ya tara fiye da 100 a littafinsa Al-Muhazzab da kuma cikin Al-Itƙan. Wannan malami ba baƙo ba ne a tarihinmu, domin ya aika wasiƙar nasiha ga sarakunan Agadas da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, kuma shi ya kammala tafsirin Jalalaini da malaminsa Mahalli ya fara daga wannan sura ta Kahfi. Arthur Jeffery, wanda ya tara fiye da 300 a 1938, a kan aikin Suyuɗi ya ɗora.

Mai jin Hausa zai gane maganar Abu Ubaid nan take. Kalmar "azumi" ta zo mana daga Larabci ta hanyar harsunan Barbar, "alƙalami" kuwa asalinsa na can nesa Girkanci ne, amma babu mai cewa wanda ya furta su ba Hausa yake yi ba. Haka sunan Rahman: rubuce-rubucen Himyar sun nuna an san shi a kudu, Suratul Furƙan (25:60) ta nuna Ƙuraishawa na ƙyamarsa, Suratul Isra'i (17:110) kuma ta yanke cewa Allah da Rahman sunayen Ubangiji ɗaya ne. A nan ma mun ga tsari irin na ƙissar kogo: an tarar da abu, an karɓe shi, an ba shi matsayi sabo. Da al'adun Larabawa ma haka aka yi. An tabbatar da Safa da Marwa (2:158) da watanni huɗu masu alfarma (9:36), aka soke jinkirta wata (9:37) da keɓe dabbobi ga gumaka (5:103).

7. Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna ba masu shirya kundin bincike shawarwari huɗu. Na ɗaya, a tabbatar da zamanin kowane nassi kafin a yi maganar tasiri. Na biyu, a rarrabe aya da tafsiri da labarin baka, kowanne da zamaninsa. Na uku, a ba bambance-bambance muhimmanci daidai da kamanni, domin a wurin bambanci ne ake gane abin da Alƙur'ani ke son faɗa. Na huɗu, a san iyakar ilimin tarihi. Mai tarihi zai iya nuna cewa an san labarin kogo a Suryananci a ƙarni na 6, amma kayan aikinsa ba su isa su tabbatar da wahayi ko su kore shi ba. Ga mumini, daidaituwar Alƙur'ani da abin da ya gabata gaskatawa ce daga tushe guda. Ga wanda bai yi imani ba, alama ce ta muhalli guda. Su biyun suna iya zama a teburi ɗaya su yi aiki a kan tambayar da muka gabatar.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyanmu musamman. Tafsirin Abdullahi ɗan Fodiyo, Diya'ut Ta'awili, da ƙaninsa Kifayatu Du'afa'is Sudan, da tafsiran baka da ake yi da Hausa kowane watan azumi, duk suna ɗauke da zaɓi: wace ruwaya malami ya kawo kan Raƙim, kan adadin samarin, kan Zulƙarnaini, wacce kuma ya bari. Bin sawun waɗannan zaɓe-zaɓe daga Ɗabari zuwa Jalalaini zuwa zaurukan malamanmu aiki ne da ɗalibin da ya haɗa Larabci da Hausa da Faransanci ya fi kowa cancantar yinsa, kuma muna fatan wasu daga cikin masu karanta wannan maƙala za su ɗauke shi.